Kaset na Shida

Shekara takwas ke nan da muka binne ƙanena Ishaya a wata maƙabarta ta bayan gari, tafiyar awa guda a mota daga Bronx. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, 'yan cocinmu sukan taru a falona da ke Highbridge, a yi addu'a, a sha shayi, kowa ya faɗi alherinsa. Idan aka zo kaina sai in ce maƙogwarona ba daɗi. Suna ɗauka baƙin ciki ne ya ɗaure mini baki, har wata tsohuwa ta taɓa dafa kafaɗata ta ce ɗan'uwa rabin jiki. Bana dai na gaji da karɓar tausayin da ba nawa ba. Abin da ya hana ni magana ƙyashi ne. Na yi ƙyashin Ishaya yana da rai, kuma da ya mutu abin bai ragu ba ko da ƙwayar gero.

Mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna. Aji huɗu na yi a firamare, sauran kuma a coci na tsince shi. Mu biyu ne maza a wurin babanmu, a wani ƙauye na ƙasar Gombe. Shekarar da ya sayi shanun huɗa, sai ya dube mu ya yi rabo: ɗaya ya bi shanu, ɗaya ya bi malam. Ni ne babba, ni ke da ƙashi, sai igiyar shanu ta faɗo hannuna. Ishaya ya wuce da allonsa. Ba a tambaye ni ba, ba a kuma tambaye shi ba, wannan na yarda. Amma audugar da na nome ita ce ta zama takalminsa da akwatinsa na makarantar kwana. Ya yi karatu har ya zama mai gwajin jini a wani asibiti a nan New York, daga baya ya nemo mini hanya na zo, ni da matata Saratu da 'yarmu Rifkatu tana goye. Ɗanmu Dauda a nan aka haife shi. Ni na kama tuƙin tasi, har yau kuma shi nake yi. Duk wanda ya ji labarinmu sai ya ce kai, ka yi sa'ar ƙane. Ba wanda ya taɓa ce masa ya yi sa'ar wa.

Ishaya bai yi aure ba. Yana hawa na biyar a benen da muke haya, mu muna hawa na biyu. A ƙarshen shekarun tamanin, Rifkatu tana da shekara shida ko bakwai, ya ɗauko wata al'ada. Duk ranar Lahadi, bayan an dawo coci an ci tuwo, sai ka ji takunsa a matakala. Zai shigo da littafi a hammata, irin na laburare mai rigar leda. Labaran Turawan da ne, na mutanen da suka loda kayansu a keken shanu suka nausa yamma, suka sari daji, suka yi ɗaki da gungumen itace, dusar ƙanƙara ta rufe su wata da watanni. Ya ce tun da yaran nan a ƙasar nan za su girma, gara su san tatsuniyar da ƙasar take yi wa kanta.

Ba zan rage masa komai ba, ya iya karatu. Yakan zauna a ƙasa, ya jingina da kujera, yaro ɗaya a kowane gefe. Idan uban labarin yana magana sai ya kumbura murya, idan uwar ce sai ya siranta ta, idan iska ce ke kaɗawa sai ya yi ta da bakinsa har Dauda ya cusa kai cikin rigarsa. In ya kai ƙarshen shafi sai ya juya wa Saratu abin da Hausa a taƙaice, ita kuma tana tsince wake tana cewa wayyo, ko madalla. Suna kiransa Baba Ƙarami. Kafin ya shigo, falon nawa ne. Da ya buɗe littafi sai in zama kamar wanda ya zo gyaran famfo.

Wurina bakin ƙofar kicin ne. Nan nake tsayawa da kofi a hannu. Turancina na titi ne, na iya hagu da dama da ina za ka, amma idan aka jera shi dogo kamar layin dogo sai in faɗo a tasha ta biyu. Duk da haka ina gane inda labarin ya dosa, domin abin da ake karantawa rayuwata ce aka sa wa hular Bature. Babanmu ma haka ya yi. Daga kan dutse ya sauko da mu zuwa fili, lokacin ba kowa a wurin sai kuraye. Ni na riƙe masa gatari, ni na ja guga da ƙasa ranar da ya haƙa rijiya, ni na kwana a bukkar kara damina guda kafin a yi ɗakin laka. Ishaya lokacin yana bayan Mama. Bai taɓa ɗaura wa sa karkiya ba, bai san warin wuyan sa da ya yi gyambo ba. Ga shi nan zaune a falona yana koya wa 'ya'yana yadda ake saran daji daga cikin takarda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wata Lahadi na kasa haɗiyewa. An kai inda mutanen labarin suka iso wani fili, uban ya kafa turke ya ce nan ne namu. Na ce daga bakin ƙofa, "Ishaya, waɗannan mutanen naka, da suka sauka, wa suka gaisar?"

Ya ce, "Wace gaisuwa, Yaya?"

"Ta masu ƙasa mana. Ko dajin daga sama ya faɗo? Babanmu sai da ya kai akuya da zakara kafin ya sa gatari."

Ya sa yatsa a shafin ya rufe littafin. Ya ce, "Akwai masu ƙasa. Korarsu aka yi. Littafin ba ya son daɗewa a wurin." Sai ya dubi yaran ya ce, "Babanku ya yi tambayar da ta fi littafin nan nauyi. Ku riƙe ta."

Rifkatu ta ja hannun rigarsa, ta ce da Turanci ya ci gaba. Saratu ko kai ba ta ɗaga daga kan wakenta ba ta ce, "Baban Rifkatu, in za ka ji ka shigo ka zauna. Kujera ba ta cizo."

Na ce, "Ni da na yi abin da hannuna, me zan ji?"

Ta ce, "Ai shi ya sa kake tsaye a nan tun babi na ɗaya."

Suka yi dariya har da shi. Da zagina ya yi ranar, da na samu abin riƙewa. Amma yabona ya yi a gaban 'ya'yana, kamar malami da ya ba ɗan aji alewa. Wannan shi ne halin Ishaya da ya fi ƙona ni. Ba ya ba ka dalilin da za ka ƙi shi.

Na gwada nawa sau ɗaya. Wata Asabar na ɗauke su a mota za mu sayo kayan miya, na kashe rediyo na fara ba su labarin saukowarmu daga dutse. Na faɗi yadda kura ta ɗauke mana tunkiya, na faɗi yadda rijiya ta ba da ruwa a zurfin gaba tara. Ban kai rabi ba Dauda ya tambaya ko akwai hoto. Rifkatu kuma ta ce, ba da raini ba, kamar mai taimakona, wai labarina ba shi da babi, ba ta san inda ya fara da inda zai tsaya ba. Na kunna rediyo. Ban sake ba.

Haka aka yi shekara uku ko fiye, littafi ya ƙare a ɗauko wani. Sai ciwon ƙoda ya kama shi. Ƙafafunsa suka kumbura, saukowa hawa uku ta zama masa tafiyar yini, lif ɗin gidan kuma rabin shekara a mace yake. Lokacin suna tsakiyar wani littafi mai kauri wanda Rifkatu ta fi so duka. Da ya ga jikin ba na tashi ba ne, sai ya sa aka sayo masa kaset shida. Da rana, bayan mun watse wurin aiki da makaranta, yakan jingina da matashi ya karanta wa rakoda sauran littafin. Ya rubuta lamba a jikin kowanne, ɗaya zuwa shida. Ya kuma karya 'yan haƙoran nan na robar da ke saman kaset, waɗanda idan an karya su rakoda ba ta yarda ta ɗauki wata magana a kai. Mutum ne mai tsari, har a bakin kabari.

Na yi jinyarsa, kada wani ya ce ban yi ba. Na goya shi a matakala, na wanke shi, na yi kuka ranar da ya cika, kukan gaske. Amma a can ƙarƙashin kukan akwai wata 'yar murya da ta ce, to, yanzu falo ya dawo hannun mai shi.

Bai dawo ba. Lahadin farko bayan an share makoki, Rifkatu ta ɗora rakoda a daidai inda yake zama, ta sa kaset na ɗaya. Muryarsa ta cika ɗakin. Dauda ya kwanta a gefe, Saratu ta ɗauko wakenta tana share ido. Ni kuma ƙafata da kanta ta kai ni bakin ƙofar kicin. Da mai rai kana iya jayayya, kana iya jiran ranar da zai gaji ko ya yi kuskure. Wanda ke cikin kaset ba ya gajiya, ba ya dawowa daga aiki da ciwon baya, ba ya yi wa kowa tsawa a kan aikin makaranta. Shekara biyu ana haka. Su ji ɗaya zuwa biyar, su koma ɗaya.

Na shida ba a taɓa sa shi ba. Rifkatu ce ta hana. Ta ce wa uwarta idan ta ji ƙarshen labarin, Baba Ƙarami ya gama magana ke nan har abada, don haka za ta ajiye shi sai ranar da ta gama sakandare. Ta naɗe shi a hankici ta sa a aljihun tebur na falo. Yarinya 'yar shekara goma ce ta yi wannan tunani. Ni ba ta taɓa ajiye wata magana tawa ba ko ta kwana ɗaya.

Matasan yanzu da suke sayen kati su buga waya gida ba za su gane ba, amma a lokacin wasiƙarmu kaset ce. Mama ba ta karatu, ni ma rubutu yana ba ni wuya. Idan aka ji wani zai tafi gida, sai kowa ya zauna gaban rakoda ya zuba gaisuwa da saƙo, a ba matafiyi. Bayan wata uku ko huɗu amsa ta dawo a wani kaset ɗin, a taru gida duka a saurara, har da maƙwabta in suna kusa. Wata Talata aka ce mini wani ɗan cocinmu zai tashi washegari. Na dawo gida da azahar, ba kowa. Na duba, ba ni da sabon kaset.

A nan ne masu son su wanke ni za su ce kuskure ne, gaggawa ce. Ba haka ba ne. A ƙasan benenmu akwai shagon wani mutumin Nijar, Malam Isufu, kaset a jere a bayansa kamar bulo, sauka hawa biyu ne kawai. Na buɗe aljihun tebur, na warware hankicin. Na sa kaset ɗin, a raina wai in ji ko mene ne a ciki. Ya yi tari sau biyu, sannan ya ce da Hausa, da muryar da ta riga ta shanye, "Rifkatu, Dauda, 'ya'yana, ku gyara zama." Iyakar abin da na ji ke nan. Na tsayar, na mayar baya. Na danna jan maɓalli, ya ƙi dannuwa saboda haƙorin da ya karye. Na yago takarda, na tauna ta, na cusa a ramin, na danna ya shiga. Duk wannan yana ɗaukar lokaci, mai karatu. Akwai wuri biyar da mutum zai iya tsayawa ya ji kunya. Ban tsaya a ko ɗaya ba.

Na gai da Mama, na gai da dangi gida gida. Na faɗa mata bayana yana ciwo, na faɗa mata sanyin ƙasar nan, na faɗa mata yadda nake kewarta, abin da ban taɓa faɗa mata ido da ido ba. Na yi magana har gefen farko ya ƙare, maɓalli ya yi tsalle. Na so in juya in cinye ɗaya gefen ma, sai na ga ba ni da sauran abin faɗa. Na kankare lambar da wuƙa, na rubuta sunan Mama, na kai wa matafiyi. Hankicin na mayar da shi a ninke.

Bayan mako biyu Rifkatu ta gano. Ta zazzage gidan nan kaf, har ƙarƙashin firiji. Ta kama Dauda da duka, shi yana rantsuwa bai taɓa ba. Ina zaune ina kallo. Da ta tambaye ni, na ce mata ni ina ruwana da kayan wasanku. Saratu ta yi mini dogon kallo. Wata uku yarinyar nan ba ta yi wa ƙanenta magana mai daɗi ba, kuma karatun Lahadi ya mutu, don ta ce ba za ta iya jin biyar ɗin ba alhali na shida ya ɓata. Falo ya dawo hannuna. Na zauna a cikinsa ni kaɗai da talabijin.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Matafiyi ya dawo da amsar Mama. Yadda aka saba, bayan coci muka taru, ni da Saratu da yaran da wasu maƙwabta biyu. Ni da hannuna na danna. Mama ta yi gyaran murya, ta kira sunana, sai ta fashe da kuka. Ta ce, "Yohanna, Allah ya yi maka albarka. Ka yi mini abin da ba wanda ya yi tunaninsa. Na gama jin gaisuwarka, yaron gidan nan ya juya kaset ɗin, sai na ji Ishaya. Ishayana, yana ta magana da Turancinsa. Ban san me yake cewa ba, amma shi ne, har tarinsa. Kullum da yamma sai na sa an kunna mini." Ta ci gaba a haka har kaset ya ƙare. Yadda aka haife shi, yadda yake tsoron kaji yana ƙarami, yadda yake karanta mata wasiƙun mutane. Ciwon bayana ba ta ambata ba. Kewar da na ce ina yi mata, ko kalma. Na tura mata zuciyata a gefe guda, ta juya ta kama ɗaya gefen. Hassada ga mai rabo taki ce, an faɗa, ni dai na gani da idona.

Maƙwabta suna ta cewa kai, Yohanna, ka kyauta, ka kyauta. Rifkatu tana jin Hausa sarai, amsawa ce take yi da Turanci tun tana ƙarama. Ranar ta jira baƙi suka fita, ta tsaya a gabana, ta yi mini magana da Hausa tsantsa, jimlar farko cikakkiya da na taɓa ji daga bakinta.

Ta ce, "Baba, haƙorin kaset ɗin a karye yake. Da me ka toshe ramin?"

Na ce, "Da takarda."

Ta gyaɗa kai. Ta je ta rungume Dauda ta ba shi haƙuri, ta shige ɗaki.

Shekara shida ke nan. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, da ma ta yi. Tana gaishe ni da safe, tana kawo mini abinci, idan takardar hukuma ta zo ta karanta mini ta faɗi inda zan sa hannu. Amma idan na shigo falo na zauna, ba a minti biyar sai ta tuna tana da aiki a ɗaki. Littafin nan yana laburare har gobe, tafiyar ƙafa ce daga gidanmu. Na taɓa aron bakin Saratu na ce Rifkatu ta je ta karanta ƙarshen mana. Ta ce ba ƙarshen labari aka ɗauke mata ba.

Wani lokaci ina tuƙi a kan gangaren unguwarmu nakan tambayi kaina me Ishaya zai ce da ya ga yau. Unguwar ta cika da namu, da 'yan Nijar masu shaguna, da 'yan zangon Gana, har kana iya yini ba ka yi Turanci ba, shi da yake tafiya har Flatbush don kawai ya ji wani ya ce masa sannu. Zai ji daɗin wannan. Dauda kuwa zai ba shi haushi, don yaron ya bar littafi, ya koma danna na'urar wasa a gaban talabijin, ido kamar na mujiya. Laifin wannan ma wani ɓangare nawa ne, ni na kashe Lahadin. Kaset kansa yana fita kasuwa, faifai mai ƙyalli ya shigo, Malam Isufu ya cika bayansa da katin waya. A kan abin da na yi kuwa, na san abin da zai ce, kuma shi ya fi ci mini rai. Zai yi murmushi ya ce, Yaya, ai ka kai ni wurin Mama, ni da ban samu komawa ba. Zai yafe mini tun kafin in buɗe baki, ya bar ni da kayana a ka.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, kada a ce ban yi ba. Sau biyu ina roƙon masu tafiya gida su karɓo kaset ɗin, ko su kai birni a kwafa a mayar mata. Mama ta ce ko ƙofar ɗakinta ba zai ƙetare ba. Ta ce an ɗauke mata Ishaya sau ɗaya zuwa makaranta, sau ɗaya zuwa ƙasar Turawa, sau ɗaya zuwa kabari, ba za a yi na huɗu ba. Wa zai yi gardama da wannan?

Bana Rifkatu ta gama sakandare, ta samu kwaleji. Lokacin da ta ɗibar wa kanta ya yi. Tun tana 'yar shekara goma sha uku nake roƙonta mu je gida ta ga inda aka binne cibiyarta, kullum sai ta ce zafi, sai ta ce sauro, sai ta ce makaranta. Makon jiya ina cin abinci ta zo ta ja kujera ta zauna a gabana. Na ajiye cokali, don na manta rabon da ta yi haka.

Ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, "Zan je wurin Kaka. Zan ji rabin da ya rage."

Na ce, "To."

Ta ce, "Kaka shekara shida tana ji ba ta san me yake cewa ba. Ina so ta sani. Ni Hausata ba za ta kai ba, ban san sunan kayan shanu da na gona ba. Zan tsayar da kaset, in faɗa maka da ƙaramin Turanci, kai ka juya mata."

Na ce, "Tafinta kike nema ke nan."

Ta ce, "Kai ka san shanu, Baba. Baba Ƙarami ma ya faɗa."

Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma tambaya ba. Ta tashi ta kwashe kwanon.

To ga lissafin abin da ya rage na Ishaya bayan shekara takwas. Bai bar gida ba, bai bar mata ba, bai bar ɗa na cikinsa ba. Ya bar kaset biyar a akwatin 'yata, da rabin kaset a ƙarƙashin matashin uwata. Da wannan rabin ya yi abin da na kasa yi da bakina da ƙafata da shekaruna duka: zai ɗauki 'yata daga Bronx ya kai ta ƙauyenmu, ya zaunar da ita a tabarma ɗaya da kakarta. Ni da na share rabinsa, ni ne zan zauna a tsakiya ina juya maganarsa, in ya yi shiru in yi magana, in ya fara in kama bakina. Aka ce wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Ishaya ya riga ni barci, kuma ga dukkan alamu bai da niyyar barin kowa ya huta.

Har yanzu ina jin haushinsa. Na faɗa a nan don kada 'yan coci su sake dafa mini kafaɗa. Ina jin haushin allon da aka ba shi, da muryar da Allah ya ba shi, da yadda ko mugunta aka yi masa sai ta zama masa ado. Amma na je an gyara mini fasfo, kuma kwanakin nan idan fasinja ya sauka nakan sami kaina ina tuno sunayen abubuwa ɗaya bayan ɗaya, karkiya, dagi, magirbi, sungumi, don kada a zo gaban Mama Ishaya ya faɗi abu da Turanci in rasa Hausarsa.